Gargaɗi ga masu ƙarfe a ƙugu: a binciki irin ƙarfen kafin ya cinye nama

Duk wanda aka yi wa aikin canjin gaɓar ƙugu, musamman tsakanin 2003 da 2012, ko a gida aka yi ko a Indiya, Masar, Jamus ko Ingila, ya nemo takardun aikinsa ya kai wa likitan ƙashi cikin makon nan. Tambaya ɗaya zai yi: likita, wane irin abu aka sa mini? In ta tabbata ƙarfe a kan ƙarfe ne, akwai gwajin jini da hoton da ya kamata a yi masa ko da ba ya jin ciwon komai, domin ɓarnar wannan nau'i takan yi nisa a ɓoye.

Gaɓar ƙugu ƙwallo ce a saman ƙashin cinya da ke juyawa cikin wani ƙoƙo a kwatangwalo. Tun shekarun 1960, lokacin da likita John Charnley na Ingila ya gyara hanyar wannan aiki, abin da aka saba shi ne ƙwallon ƙarfe cikin ƙoƙon roba mai tauri. Matsalar roba ita ce tana sudewa da tafiyar shekaru. Sai kamfanoni suka dawo da wata dabara, suka yi ƙwallon da ƙoƙon duka da gamin ƙarafan kobalt da kuromiyam, suka ce wannan zai fi ƙarko ga matasa da masu aikin ƙarfi. Abin ya karɓu sosai. A tsakiyar shekarun 2000, kusan kashi ɗaya cikin uku na irin wannan aiki a Amurka da shi ake yi.

Wanda ya taɓa tsayawa wajen mai injin markaɗe ya san ƙarafan nan biyu da ke gogar juna suna cinyewa, kuma garin da suke zubarwa cikin ƙullun yake tafiya. Haka nan ne a ƙugu. Kowane taku, ƙwallo na gogar ƙoƙo, ƙwayoyin ƙarfe da ido ba ya gani suna zuba cikin naman da ke kewaye. Garkuwar jiki ta ɗauke su a matsayin baƙi ta far musu, amma ba ta iya kawar da su yadda take kawar da ƙwayar cuta. Faɗan sai ya ƙi ƙarewa. Kumburi ya zauna, ruwa ya taru, nama ya mutu ya rine ya koma toka-toka ko baƙi, ƙashin da ke riƙe da ƙarfen ya fara zaizayewa. Wani lokaci ƙari ne yake fitowa. Ba kansa ba ce, amma yana cin tsokar da ke ɗaga ƙafa, yana danne jijiya, kuma tsokar da ta riga ta mutu ba ta dawowa. A 2008 likitocin Okusfod suka wallafa bayanin marasa lafiya 17 da suka samu da irin wannan ƙari, dukkansu mata.

Daga nan shaidu suka yi ta taruwa. Ingila da Ostareliya suna da rajistar da ake rubuta kowace gaɓar da aka sa wa mutum, da ranar da aka sake buɗe shi don a cire ta. Rajistar ce ta tona asiri. A watan Agusta na 2010 kamfanin DePuy, reshen Johnson & Johnson, ya janye samfurinsa mai suna ASR daga kasuwa, bayan alƙaluman Ingila da Wales sun nuna kusan mutum ɗaya cikin takwas na buƙatar sabon aiki cikin shekara biyar. A lokacin an riga an sa shi a jikin mutane kimanin 93,000 a duniya. A 2012 mujallar likitoci ta Lancet ta fitar da nazari kan ayyukan ƙugu sama da 400,000. Na ƙarfe a kan ƙarfe masu sanda cikin ƙashin cinya, kashi 6.2 cikin ɗari sun lalace a shekara biyar, na ƙarfe a kan roba kuwa kashi 1.7. Mafi girman ƙwallo, mafi saurin lalacewa, kuma mata sun fi shan wahala. Masu nazarin suka ce a daina sa shi. A 2013 kamfanin DePuy ya amince zai biya kusan dala biliyan 2.5 ga Amurkawa kimanin 8,000 da suka kai ƙara.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne labarin Indiya. An sa ASR a ayyuka kimanin 4,700 a can. Da kwamitin da gwamnatin ƙasar ta kafa ya duba lamarin, rahoton da ya fito a 2018 ya nuna sama da mutum 3,600 ba a gano inda suke ba. A cikin Indiya kanta ke nan fa. To, ina ga wanda ya sayar da gona ko 'yan uwa suka yi masa karo-karo, ya tashi daga Kano ko Maraɗi aka yi masa aiki, ya kwana biyu ya dawo gida? Dillalin da ya haɗa shi da asibitin ya karɓi la'adarsa ya yi gaba, lambar wayar da ya bari an daɗe da canza ta. Wasiƙar janye kaya ba za ta same shi ba. A Ingila hukumar kula da magunguna da kayan asibiti ta sake umarni a 2017 cewa a riƙa bibiyar duk masu irin wannan ƙugu, su kimanin 56,000, masu ciwo da marasa ciwo. Namu kuwa, in bai kai kansa asibiti ba, da wuya wani ya aiko nemansa.

Masu sikila su fi kowa sauraro. Wannan cuta tana toshe ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyar da ƙwallon ƙugu har ya mutu ya lotsa, shi ya sa ake canja wa da yawansu ƙugu tun suna da ƙuruciya, a daidai shekarun da aka fi tallata wa ƙarfe a kan ƙarfe. Ga kuma wata matsalar: ƙoda ce ke tace kobalt da kuromiyam daga jini ta fitar da su a fitsari, kuma sikila na raunana ƙoda. Mai sikila ya saba da ciwon ƙashi tun yana yaro, saboda haka in ƙugunsa ya fara ciwo sai shi da iyayensa su ce ciwon ne ya tashi. Kada a yanke wannan hukunci a gida. Mace mai irin wannan ƙugu da ke da ciki ko take shirin ɗauka ta faɗa wa likitan awo, domin bincike ya nuna ƙarafan suna ratsa mahaifa.

Ƙarfen ba ya tsayawa a ƙugu kaɗai. In kobalt ya yi yawa a jini yana raunana tsokar zuciya, ya rage ji da gani, ya taɓa maƙoshi inda ƙwayar tayirod take, ya kawo rawar hannu, mantuwa da sauyin hali. Stephen Tower, likitan ƙashi ne a Alaska, shi kansa aka sa wa ASR a 2006. Ya yi fama da ƙarar kunne, raguwar ji da rikicewar tunani kafin a cire ƙarfen, daga baya ya wallafa abin da ya same shi a 2010. A 2014 kuma Lancet ta kawo labarin wani Bajamushe ɗan shekara 55 da aka kai asibitin Marburg zuciyarsa ta kusa tsayawa, ya kusa kurumcewa da makancewa, likitoci da dama sun rasa dalili. Ashe ƙugun tangaran ne da shi a da, ya fashe, aka maye masa da ƙwallon ƙarfe, ɓurɓushin tangaran da ya rage a ciki ya yi ta kankare ƙarfen. Don haka wanda aka sake wa aiki bayan fashewar tangaran shi ma yana cikin waɗanda ake kira. Irin wannan guba mai tsanani ba ta da yawa, amma a wurinmu mai waɗannan alamu sai a ce hawan jini ne, ko tsufa, ko sammu, ba wanda zai tuna da ƙugun da aka yi wa aiki shekaru da suka wuce.

Alamomin da ba a jira da su: ciwo a matsematsi, ɗuwawu ko gefen cinya wanda da babu shi, kumburi ko wani dunƙule a ƙugu, sabon ɗingishi, ƙara ko ƙas-ƙas in an motsa ƙafa, jin gaɓar kamar za ta goce, dindiris a ƙafa. In ƙugun ya yi zafi da ja kuma ga zazzaɓi, wannan na iya zama ƙwayar cuta ce ta shiga, a tafi asibiti a ranar. Ina roƙon jama'a da babbar murya, kada a kai kumburin nan wajen wanzami a yi ƙaho ko sakiya. Huda fata kusa da ƙarfe buɗe wa ƙwayar cuta ƙofa ne, kuma in ta manne wa ƙarfe, maganin sha ba ya cika fitar da ita sai an sake aiki. Mai ɗori ma ba shi da abin yi a nan, ba karaya ba ce. Haka nan a daina dogaro da diclofenac da ibuprofen na kemis wata da watanni. Suna rufe ciwon, suna kuma gajiyar da ƙodar da ake buƙata ta fitar da ƙarfen.

A asibiti, in takardu sun ɓata, hoton ƙashi kan taimaka wa ƙwararren likita ya gane nau'in da aka sa, kuma ana iya rubuta wa asibitin da ya yi aikin a nemi kwafin bayanin tiyata. Amma hoton ƙashi ba ya nuna naman da ya lalace. Wannan sai sikanin ko MRI na musamman da ke rage dishin da ƙarfe ke sa wa hoto. Sai gwajin kobalt da kuromiyam a jini. Ma'aunin da hukumar Ingila ta sa shi ne maikurogiram 7 a lita ɗaya, wanda ya haura haka a zurfafa masa bincike a kuma maimaita gwajin. Ƙasa da haka ba wanke mutum ya yi ba in yana jin ciwo. Ba kowane ɗakin gwaji ke yin sa ba, likita ne zai faɗi inda za a aika jinin. Asibitin Ƙashi na Dala a Kano da sassan ƙashi na asibitocin koyarwa su ne wurin farawa. Ba kowa za a cire wa ba, da yawa bibiya kawai suke buƙata. Wanda aka ce wa a cire kuwa kada ya ja lokaci, domin aikin da aka yi bayan tsoka ta mutu yakan bar mutum da ɗingishi da yawan gocewar gaɓa.

Na san yadda magana ke sauya kama in ta shiga WhatsApp, don haka a ji da kyau. Wannan gargaɗi bai shafi faranti da ƙusoshin da ake ɗaure karaya da su ba, bai shafi ashanar tazarar haihuwa da ake sa wa mata a hannu ba, wadda ba ta kobalt ba ce. Canjin ƙugu da roba ko tangaran aiki ne mai nasara da ya tayar da miliyoyin mutane daga kwance, kada wanda likita ya rubuta wa shi ya fasa. Abin da zai yi shi ne ya tambayi sunan kamfani da samfuri da abin da aka yi ƙwallo da ƙoƙo da shi tun kafin ya sa hannu. Kowane ɓangaren da aka sa wa mutum yana zuwa da 'yar takarda mai liƙewa ɗauke da lambarsa. Kafin a sallame shi ya karɓi kwafinta, mai jinya ya ɗauki hotonta a waya ya tura wa mutum biyu a gida.