Al'adun gargajiya: Abin riƙewa da abin bari, darasi daga ƙasar Katagum

Duk lokacin da aka zo maganar biki, suna ko hawan sallah, muhawara kan taso tsakanin dattawa da matasa kan ko al'adun da aka gada sun cancanci a ci gaba da riƙe su. A Disina da ke ƙaramar hukumar Shira ta Jihar Bauchi, da sauran garuruwan ƙasar Katagum, tarihin yankin ya nuna abin da ake asara idan aka yi sakaci.

Kafin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Shira da Tashena da Auyo kowace tana da sarautarta da harshenta. A farkon ƙarni na 19 Malam Ibrahim Zaki, wanda ya karɓo tuta daga Shehu, ya kafa masarautar Katagum, daga baya a zamanin Turawa aka mayar da fadar zuwa Azare. Sarauta ta ɗore, amma harsunan Shirawa da Tashenawa da Auyokawa, waɗanda masana ke dangantawa da Bade da Ngizim na Jihar Yobe, sun ɓace, jikokin masu su sun koma Hausa. Karin magana da tatsuniyoyi da sunayen itatuwan magani da ke cikin harsunan sun tafi tare da tsofaffin da suka san su. Zane-zanen da ke jikin duwatsun Shira suna nan, sai dai babu mai iya bayyana su da harshen mutanen da suka zauna a wurin. Irin wannan asara ba ta da gyara.

Akwai kuma al'adun da har yanzu ke ciyar da jama'a. Gayya tana ba manomin da ba shi da kuɗin ƙwadago damar nome gonarsa a kan lokaci. Adashe yana sama wa mata jari ba tare da ruwan banki ba. Dagatai da masu unguwanni suna sasanta rigimar iyakar gona ko ɓarnar dabbobi kafin ta kai kotu. Hawan sallah kuwa kasuwa ce ga dukawa da maƙera da masu ɗinkin kayan doki da makaɗa. Hukumar UNESCO ta sanya bikin kamun kifi na Argungu cikin jerin al'adun duniya da suka cancanci kiyayewa a 2016, sannan hawan sallah na Kano a watan Disamban 2024.

Sai dai daɗewar al'ada ba hujja ba ce ta ingancinta. Likitoci sun daɗe suna gargaɗi kan cire belun jarirai, wanda kan jawo zubar jini, da yankan gishiri, wanda ke cikin abubuwan da ke haddasa yoyon fitsari. Amfani da aska ɗaya ga mutane da yawa na iya yaɗa ciwon hanta da ƙanjamau. Dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ta hana yi wa yaro tsaga a jiki, yayin da dokar hana cin zarafin mutane ta 2015 ta haramta kaciyar mata.

Tsakanin waɗannan biyu akwai al'adun da gyara suke buƙata. Lefe alama ce ta mutunta amarya da danginta, amma gasar yawan akwatuna ta mayar da shi nauyin da ke jinkirta auren matasa. Wanzamin da ya koma amfani da sabuwar reza ga kowane mutum bai bar sana'ar gidansu ba, ya dai kawar da haɗarin da ke cikinta.

Saboda haka ma'aunin da ya dace shi ne amfanin al'ada ga masu yin ta, da kuma ko tana cutar da rai ko lafiya, ko ta saɓa wa addini da doka. Abin da ya tsallake wannan ma'auni yana buƙatar a rubuta shi, a naɗi muryar dattawan da suka san shi tun suna raye. Jami'ar Sa'adu Zungur da ke Gadau da Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh da ke Azare suna da ɗaliban harshe da tarihi da za su iya wannan aiki a garuruwa irin su Disina, kafin kirarin sarakuna da waƙoƙin niƙa da na daɓe su bi sawun Shiranci.