Ƙafa 2,400 Ko Ƙafa 400?

Fasinjan da ya leƙa ta tagar jirgin sama yakan ɗauka sararin Subhana fili ne fetal, kowane jirgi ya bi inda ya ga dama. A haƙiƙa kuwa an yanka shi hawa-hawa kamar bene, kowane jirgi da hawan da aka ba shi, mai rabon kuwa shi ne jami'in hasumiya, watau ma'aikacin da ke zaune a ƙasa yana ba da umurni ta rediyo. Galibi ratar ƙafa 1,000 ake bari tsakanin jirgi da na samansa, ratar da jirgin zamani ke cinyewa cikin ƙasa da minti guda in yana gangarowa. Ke nan rayukan ɗaruruwan mutane na rataye ne a kan 'yan lambobin da mutum biyu, waɗanda ba su ganin juna, ke faɗa wa juna.

Ƙa'idar aikin tufka uku ce. Jami'i ya faɗi tsayin da jirgi zai hau ko zai sauko, matuƙi ya maimaita abin da ya ji, sa'an nan jami'i ya saurari maimaicin, in da kuskure ya gyara nan take. Duk sa'ad da ɗaya daga cikin ukun nan ya tsinke, to, hatsari ya sami ƙofa.

KALMA ƊAYA A MALESIYA

Da sanyin safiyar ran 19 ga Fabrairu, 1989, wani jirgin dakon kaya samfurin Boeing 747 na kamfanin Flying Tiger na Amurka ya taso daga Singafo ya doshi filin jirgin saman Subang na Kwala Lamfur. Jami'in hasumiya ya umurce shi ya sauko ƙafa 2,400, ya kuwa jera lambobin ɗai-ɗai: biyu, huɗu, sifiri, sifiri. Tsautsayin shi ne, a Turanci kalmar da ke nufin "biyu" da wadda ke nufin "zuwa" lafazinsu ɗaya, duka "tu" ake cewa. Sai matuƙan suka ji kamar an ce su sauko zuwa huɗu, sifiri, sifiri, watau ƙafa 400.

Kyaftin ya maimaita huɗu, sifiri, sifiri, jami'in bai lura ba. Mataimakin matuƙi ya riga ya koka cewa babu taswirar sauka a gabansa, alhali ita ce za ta nuna masa 2,400 ƙuru-ƙuru. Na'urar gargaɗin kusantar ƙasa ta yi ta kuka, ba wanda ya ja jirgin sama, har ya daki wani tudu mai itatuwa kafin ya kai filin. Mutum 4 da ke ciki duka suka rasu.

MAKO GUDA, HATSARI BIYU

Ran 7 ga Nuwamba, 1996, abin ya zo gida. Wani Boeing 727 na kamfanin ADC ya taso daga Fatakwal za shi Legas, hasumiya ta ba shi izinin saukowa, sai ga shi yana ratsa hawan wani jirgin da ya fito daga Legas. Na'urar gargaɗin karo ta yi ƙara, matuƙi ya karkata jirgin da ƙarfi don ya kauce, jirgin ya ƙwace masa ya faɗa ruwa kusa da Ejirin. Fiye da mutum 140 suka hallaka, cikinsu har da Farfesa Claude Ake, shahararren masanin kimiyyar siyasa. Masu bincike sun ce tushen abin shi ne rashin raba jiragen biyu yadda ya kamata daga ƙasa.

Kwana biyar bayan haka, ran 12 ga Nuwamba, wani Boeing 747 na Saudiyya ya tashi daga Delhi za shi Dahran, akasarin fasinjojinsa Indiyawa ne 'yan ci-rani. Aka ce ya tsaya a ƙafa 14,000. A kan hanyar nan ɗaya wani Ilyushin 76 na Kazakistan yana shigowa, an ce ya tsaya a 15,000. Mai magana da hasumiya a cikin jirgin Kazakistan ma'aikacin rediyo ne, shi ya karɓi umurnin, amma matuƙan suka ci gaba da gangarowa. Na'urar hangen jirage ta Delhi a lokacin ba ta nuna tsayin jirgi, saboda haka jami'in bai ga abin da ke faruwa ba. Jiragen suka yi karo a sararin garin Charkhi Dadri, mutum 349 suka mutu, babu karon sama da ya taɓa cin rayuka haka. Kwamitin bincike ya ambaci ƙarancin Turancin matuƙan cikin dalilai.

GYARAN DA AKA YI

Daga irin waɗannan asarori ne aka ƙara tsananta ƙa'idojin magana. Ana so jami'i ya faɗi dubu da ɗari a fili, ya ce ƙafa dubu biyu da ɗari huɗu, kuma wasu ƙasashe, kamar Ingila, suna sa kalmar "tsayi" gaban lamba don kada "zuwa" ta manne da ita. Indiya ta raba hanyar shiga Delhi da ta fita, ta kafa na'urar da ke nuna tsayi, ta kuma wajabta na'urar gargaɗin karo a manyan jirage. Hukumar jiragen sama ta duniya, ICAO, mai hedkwata a Montreal ta Kanada, ta kafa mizanin Turanci mai mataki 6, daga watan Maris na 2008 kuma tilas matuƙi da jami'in da ke aikin ƙasa da ƙasa su kai aƙalla mataki na 4. Har wa yau, a kan manyan tekuna akan aika da umurni a rubuce ya bayyana a allon matuƙi.

Duk da haka, yawancin umurnin hawa da sauka har gobe da baki ake ba da shi, kuma na'ura ba ta hana kunne jin abin da ya sa rai zai ji. Shi ya sa makarantun horar da matuƙa ke nanata wa ɗalibansu cewa in lamba ta yi musu baƙo, ko ɗayansu ya ji dabam da abokin zamansa, su sake tambayar hasumiya kafin su taɓa komai. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. Da an yi tambayar nan guda a Subang, da daƙiƙa biyar kacal za ta ci.