Jituwar Wasula da Tsarin Baƙaƙe a Turkanci da Koriyanci

Tun lokacin da masani G. J. Ramstedt, mutumin ƙasar Finlan, ya wallafa nahawun Koriyanci a shekarar 1939, ake ta muhawara a kan ko Koriyanci da Turkanci tsatsonsu ɗaya ne, a cikin dangin harsunan da ake kira Altai. Babban abin da ya ja hankalin manazarta shi ne cewa dukkan harsunan biyu suna gina kalma ta hanyar jera ɗafa-ƙeya a bayan saiwa, kuma dukkansu suna da jituwar wasula. To, amma kamannin da ake hange daga nesa yakan ragu idan an matso kusa.

Turkanci yana da wasula takwas, wato a, e, ı, i, o, ö, u, ü, kuma tun da aka koma rubutun boko a 1928 kowanne yake da harafinsa. Huɗu na gaba ne, huɗu na ƙurya. Ƙa'idar ita ce wasalin ɗafa-ƙeya ya bi sahun wasalin ƙarshe na saiwa. Alal misali, jam'in ev 'gida' shi ne evler, amma na at 'doki' atlar ne. Idan kuwa wasalin ɗafin na sama ne, sai a lura har da kewayar leɓɓa, ya zama yana da siga huɗu: evin 'na gida', atın 'na doki', gözün 'na ido', kolun 'na hannu'. Wannan doka tana nan da ranta, domin ko baƙuwar kalma aka aro, galibi ɗafinta sai ya bi ta.

A Koriyanci lamarin daban yake. Lokacin da aka ƙago rubutun Hangul a zamanin Sarki Sejong, aka kuma bayyana shi ga jama'a a 1446, wasulan sun kasu zuwa masu haske da masu duhu, sai i da ke tsaka-tsaki. Rabon bai bi gaba da ƙurya ba, tun da o da u, waɗanda duk na ƙurya ne, suna rukuni daban-daban. Wasu masana ma suna ganin tushen harshe ne ke janyewa baya, kwatankwacin abin da ake samu a harshen Ibo. A yau saura kaɗan ya rage na wannan tsari. Ana ganinsa a ɗafin aikatau, kamar jab-a 'kama' da meog-eo 'ci', sannan a amsa-kama, inda ya ɗauki wani aiki na ma'ana: joljol kwararar ɗan ruwa ce, juljul kuwa kwararar ruwa mai yawa. Mai nazarin Hausa, wanda ya saba da yalwar amsa-kama, ba zai rasa sha'awar wannan ba, sai dai ba shi da takwara a jituwar Turkanci.

A wajen baƙaƙe ne tazarar ta fi fitowa fili. Turkanci yana raba tsayau gida biyu, mai ziza da maras ziza: b da p, d da t, g da k. Koriyanci kuwa uku yake rabawa, kuma a farkon kalma babu mai ziza ko ɗaya a cikinsu. Akwai sassauƙa, akwai mai fitar da iska da ƙarfi, akwai kuma wanda ake furtawa da ɗaurewar maƙwallato. Misali, dal 'wata', tal 'abin rufe fuska', ttal 'ɗiya'. Haka kuma bul 'wuta', pul 'ciyawa', ppul 'ƙaho'. Kada harafin b ko d ya ruɗi mai karatu, domin sassauƙan ba ya samun ziza sai a tsakiyar kalma, tsakanin sautuka masu ziza. Shi ya sa aka daɗe ana rubuta sunan birnin nan Pusan, har zuwa 2000 da gwamnatin Koriya ta Kudu ta sauya ƙa'idar rubutu ya koma Busan, alhali furucin bai canja ba. Kada kuma a ɗauki na ukun a matsayin tunzuɗau irin ƙ ta Hausa. Iskarsa daga huhu take. A bakin matasan birnin Seoul, bambancin na farko da na biyu ya fara komawa kan karin sautin wasalin da ke biye.

A ƙarshen gaɓa harsunan sun ɗan kusanci juna, amma ba da ƙarfi ɗaya ba. Turkanci yana kashe zizar tsayau kawai, kamar a kitap 'littafi' da kitabı 'littafinsa', kalmar da su da Hausawa duk daga Larabci suka aro. Koriyanci baƙaƙe bakwai kacal yake furtawa a wannan muhalli, wato p, t, k, m, n, ng, l, har ta kai kalmomin 'lauje' da 'rana' da 'fuska' duk ana jinsu nat in an faɗe su su kaɗai. Ga kuma naso mai ƙarfi: guk da mul sukan haɗu su ba da gungmul 'romo'.

Akwai kamanni guda da masu ra'ayin Altai sukan kafa hujja da shi, wato ƙin fara kalmar asali da r. Baturken ƙauye yakan ce Iramazan maimakon Ramazan, kuma abin da Koriya ta Arewa ke kira rodong 'ƙwadago', a Kudu nodong ne. Sai dai irin wannan takunkumi ana samunsa a harsunan da babu mai cewa 'yan uwan Turkanci ne, irin su Baskanci. Abin da ke tabbatar da dangantaka shi ne daidaiton sautuka mai bin ƙa'ida a cikin kalmomin asali, kuma a nan ne Gerard Clauson ya soki ra'ayin Altai a 1956, Gerhard Doerfer ya biyo bayansa a 1963. Ƙidayar Baturke bir, iki, üç ce, ta Bakoriye kuwa hana, dul, set. Ruwa su ne a wancan, mul a wannan.