Mai Ciki da Tramol: Kada Ki Ɓoye wa Ungozoma

'Yar'uwa, wataƙila ciwon baya ne ya sa kika fara, ko gajiyar tsintar auduga a gonakin Jazira. Ƙwaya ɗaya ta zama biyu, yanzu ranar da ba ki sha ba jiki ya yi ta ciwo, ga gumi, ga hamma. Kuma ga ciki.

Tramol da kodin dangin mofin ne. Abin da kika sha yana bin mabiyiya ya kai ga ɗan da ke cikinki, shi ma ya saba.

Kada ki yanke sha dare ɗaya. Na san surukarki ko mai gida za su ce ki jefar da ita yau, kuma da kyakkyawar niyya suka faɗa. Amma yankewa farat ɗaya na iya jawo ɓari ko naƙuda kafin lokaci. Tun 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a musanya wa mai ciki da methadone ko buprenorphine, a ba ta gwargwado kullum a ƙarƙashin kulawar likita. Ba kowane asibiti ke da su ba. Inda babu, likita ne zai tsara miki hanya, ba mai kemis ba.

Ki haihu a asibiti, ko da daga Mai Wurno sai an kai ki Sinnar ko Wad Madani. Ki faɗa wa ungozoma abin da kike sha da yawansa. Akwai allurar farfaɗo da numfashi mai suna naloxone, wadda kan jefa irin wannan jariri cikin jijjiga. In ba mu sani ba, yaya za mu kauce mata?

Da an yanke cibiya, ƙwayar ta yanke masa. Daga kwana 1 zuwa 3, wani lokaci har kusan ranar suna, za ki ga kuka mai tsini wanda ba ya lallasuwa, rawar hannu, yawan atishawa, zawo, kasa kama nono. Ba iska ba ce, ba baki ba ne. Ki lulluɓe shi da zane, ki kwantar da shi a ƙirjinki fata da fata, a ɗaki mai duhu-duhu, a rage 'yan barka. Ki tambayi likita batun shayarwa, domin tramol na shiga nono. Jaririn da abin ya tsananta masa ana auna masa ɗigon mofin a asibiti, ana ragewa a hankali har ya rabu da shi.

Kada kowa ya gutsura masa ƙwayar don ya yi shiru, tana tsayar da numfashi. In ya fara jijjiga ko ya ƙi tsotsa gaba ɗaya, ki kawo shi ko da tsakar dare ne.