Daga La'ada Zuwa Rajista: Matakan Zama Dillalin Filaye da Gidaje a Jega da Aliero da Maiyama

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin hanyoyin da mutum zai bi ya zama dillalin filaye da gidaje mai rajista a Nijeriya, tare da ɗaukar Jega da Aliero da Maiyama na jihar Kebbi a matsayin misali. An nuna cewa kalmar "rajista" ta ƙunshi abubuwa uku mabambanta, kuma rashin tantance su kan jawo asarar dukiya da doguwar shari'a.

1.0 Gabatarwa

Jega tsohuwar cibiyar kasuwanci ce a masarautar Gwandu tun ƙarni na 19, kuma mahaɗa ce ta hanyoyin Sakkwato da Birnin Kebbi da Yawuri. Aliero, wadda ta yi fice a noman albasa, ta sami jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha a 2006, lamarin da ya kawo malamai da ɗalibai masu neman gidan haya. Maiyama kuwa tana kan babbar hanyar da ta tashi daga Jega zuwa Koko. A irin waɗannan garuruwa, gonar da ke bakin gari kan wayi gari ta zama filin gini, kuma tsakanin mai gona da mai saye akwai dillali. Tambayar ita ce, wa ya ba shi izini, kuma wa zai tuhume shi idan ciniki ya lalace?

2.0 Dillanci a Al'adar Bahaushe

Kalmomin "dillali" da "la'ada" duk an aro su ne daga Larabci. Asalin "la'ada" shi ne kalmar da ke nufin al'ada, wato abin da aka saba bayarwa. Wannan ya nuna cewa ladan dillali ya ginu ne a kan sabo da yardar jama'a. Malaman fiƙihun Malikiyya ma sun halatta karɓar lada a kan dillanci, muddin ba a shigar da algus ko yaudara ba.

Polly Hill a 1966 da Abner Cohen a 1969 sun yi nazarin tsarin fatoma da dillali a kasuwancin Afirka ta Yamma. Cohen, wanda ya yi aikinsa a unguwar Sabo ta Ibadan, ya nuna yadda maigida ke saukar da baƙon falke, ya tsaya masa a kan bashi, dillalansa kuma su nemo mai saye. Jarin dillali a wannan tsari mutuncinsa ne. Wanda ya ci amana sau ɗaya, labarinsa ya riga shi isa kasuwa.

Sai dai wannan tsari ya fi dacewa da hajar da ake gani, a biya, a ɗauka, kamar buhun albasa ko sa. Fili ba ya motsi, kuma aibinsa ba ya bayyana ga ido. Yana iya kasancewa gādo ne da ba a raba ba, ko an jinginar da shi, ko an riga an sayar wa wani.

3.0 Abin da Dillali ke Sayarwa a Idon Doka

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana ga al'umma. Saboda haka, abin da ake kira "sayar da fili" a bakin jama'a, a doka miƙa haƙƙin zama ne daga wani zuwa wani. Gwamna ke bayar da wannan haƙƙi a yankunan da aka ayyana a matsayin birni, ƙaramar hukuma kuma tana bayar da haƙƙin zama na gargajiya a wajen birni.

Sashe na 21 da na 22 sun wajabta neman amincewar hukuma kafin a miƙa haƙƙin ga wani, sashe na 26 kuma ya ce cinikin da ya saɓa wa dokar ɓatacce ne. Kotun Ƙoli ta jaddada wajibcin amincewar gwamna a shari'ar Savannah Bank da Ajilo a 1989. Haka nan, sashe na 36 ya hana yanka gonar da ke wajen birni, wadda ake riƙe da ita tun kafin dokar, zuwa fuloti-fuloti. Ke nan takardar ciniki mai ɗauke da sa hannun mai unguwa ko hakimi shaida ce cewa an biya kuɗi a gaban mutane, amma ba ta maye gurbin amincewar gwamnati. Sanin wannan shi ne darasin farko ga mai son shiga sana'ar.

4.0 Nau'o'in Rajista Uku

4.1 Rajistar Ƙwarewa

Wannan ita ce mafi nauyi. Dokar soja mai lamba 24 ta 1975 ta kafa hukumar ESVARBON, wadda ke yi wa masana kula da kadarori da ƙiyasta darajarsu rajista. Akwai kuma ƙungiyar masu wannan sana'a, wato NIESV, da aka kafa a 1969. Mai neman wannan matsayi zai fara da samun digiri ko babbar difloma a fannin kula da kadarori daga makarantar da hukumar ta amince da ita. Daga nan sai ya shiga ƙungiyar a matsayin mai koyo, ya yi aiki na wasu shekaru a ƙarƙashin wanda ya riga ya sami rajista, ya ci jarrabawar sana'a, ya gabatar da rahoton aikin da ya yi, sannan a yi masa tambayoyi baki da baki. Idan ya tsallake, sai hukumar ta shigar da sunansa a kundi, ta ba shi hatimi. Mai wannan hatimi ne ke sa hannu a rahoton ƙiyasin darajar gida da banki ko kotu ke karɓa, kuma ana iya soke sunansa idan ya saɓa wa ƙa'idar aiki.

4.2 Rajistar Kasuwanci

Dillalin da bai yi wannan karatu ba yana iya yi wa sunan kasuwancinsa rajista a hukumar CAC bisa dokar kamfanoni ta 2020. Bayan haka, dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta sanya dillalan gidaje cikin sana'o'in da ake sa wa ido, don haka ana buƙatar su yi rajista da sashen SCUML da ke ƙarƙashin hukumar EFCC. Wajibi ne su tantance abokan cinikinsu, su kuma adana bayanan ciniki. Dokar ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi fiye da naira miliyan 5, kamfani kuma miliyan 10, sai ta hanyar banki. Wannan sharaɗi ya shafi garuruwan da aka saba ƙirga kuɗin gona a zaure. Duk da haka, takardar CAC tana tabbatar da samuwar kasuwanci ne kawai, ba ta shaidar ilimin mai shi.

4.3 Rajistar Ƙungiya

Nau'i na uku shi ne shiga ƙungiyar dillalai, ko ta gari ko ta ƙasa. Ƙungiya kan ba da katin shaida, ta sasanta rikici a tsakanin 'ya'yanta, ta kori wanda ya ci amana. Ita ce ta fi kusa da tsohon tsarin sarkin dillalai. Ƙarfinta bai wuce kan 'ya'yanta ba, domin wanda aka kora yana iya ci gaba da dillanci a gefe.

5.0 Giɓin da ke Tsakani

A Amurka, kowace jiha tana ba mai sayar da gidaje lasisi bayan ya halarci darussa ya ci jarrabawa, kuma yana aiki ne a ƙarƙashin babban dillali mai lasisi. Matsayi ne na tsakiya, wanda ba ya buƙatar digiri amma yana buƙatar horo. A Nijeriya, jihar Legas ta kama wannan hanya da dokar hukumar LASRERA, wadda aka sa wa hannu a 2022, ta wajabta wa masu harkar gidaje yin rajista.

Irin wannan matsayi ne ya fi dacewa da dillalin Jega ko Maiyama. Ya san tarihin kowace gona, ya san magadanta, ya san iyakar da aka yi rikici a kanta tun zamanin kakanni. Abin da yake buƙata shi ne sanin yadda ake binciken fili a ma'aikatar filaye da ke Birnin Kebbi, da yadda ake karanta taswirar safiyo. Mai hatimi kuma ya san doka, amma sau da yawa baƙo ne a unguwa. Mai saye yana buƙatar ilimin duka biyun.

A nan ne harshe ya shigo. An rubuta dokokin da Ingilishi, ciniki kuwa da Hausa ake ƙulla shi. Kalmar "mallaka" ɗaya ce ke ɗaukar nauyin haƙƙin zama na gwamna da na ƙaramar hukuma da riƙon gādo. "Takardar fili" kuma tana iya nufin rasit ko takardar hakimi ko takardar rabon fili ko satifiket ɗin gwamna. Dillalin da ya ce wa mai saye "akwai takarda" yana iya faɗar gaskiya, mai saye kuma ya fahimci abin da ba shi ake nufi ba.

6.0 Kammalawa

Mai son zama dillali mai rajista a wannan yanki yana da hanya biyu. Ko dai ya bi doguwar hanyar karatu har ya sami hatimin ESVARBON, ko ya yi rajistar CAC da SCUML, ya shiga ƙungiya, ya riƙa aiki tare da lauya da safiyo da mai hatimi. Ga manazarta Hausa kuwa, akwai aikin tattara kalmomin cinikin ƙasa daga bakin dillalan Jega da Aliero da Maiyama, a daidaita su da ma'anonin doka, domin kowace takarda ta sami sunan da ya bambanta ta da 'yar'uwarta kafin mai saye ya miƙa kuɗinsa.