Zumunci da Haɗin Gwiwa a Gambarar Zamani ta Faransanci: Misalin MC Solaar

1.0 Gabatarwa

A duniyar waƙa, zumunci tsakanin mawaƙa yakan zama hanyar da sabon salo ke bi ya tsallaka iyakar ƙasa da ta harshe. Wannan maƙala ta duba yadda hakan ya faru a gambarar zamani ta Faransanci, wato hip hop, ta hanyar bin sawun hulɗar Claude M'Barali, wanda aka fi sani da MC Solaar, da mawaƙan Amurka da na Senegal a farkon shekarun 1990.

2.0 Asalin Mawaƙin

An haifi Solaar a birnin Dakar a shekarar 1969, iyayensa kuma 'yan asalin ƙasar Chadi ne. Ya tashi a unguwannin bayan birnin Paris. Kundin waƙoƙinsa na farko, "Qui sème le vent récolte le tempo", ya fito a 1991 tare da makaɗinsa Jimmy Jay. Salonsa ya dogara ne kan wasa da kalmomi da taushin murya, kuma kiɗan da ake ɗora masa ya jingina da jaz da soul na baƙaƙen fatar Amurka.

3.0 Hulɗarsa da Guru

A 1993, Guru na ƙungiyar Gang Starr ya fitar da kundin "Jazzmatazz" na farko, inda ya haɗa gambara da manyan makaɗan jaz irin su Donald Byrd da Roy Ayers, da mawaƙiyar soul N'Dea Davenport. Ya gayyaci Solaar suka yi waƙar "Le Bien, Le Mal", Guru da Ingilishi, Solaar da Faransanci. A wancan lokaci ana ɗaukar gambara a matsayin fasahar Ingilishin Amurka, don haka jin Faransanci a kundin wani fitaccen mawaƙin New York ya nuna wa masu sauraro cewa harshen zai iya ɗaukar karin gambara ba tare da kwaikwayo ba. Shekara guda bayan haka, Solaar ya yi aiki da makaɗin jaz Ron Carter a kundin "Stolen Moments: Red Hot + Cool".

4.0 Hulɗarsa da Positive Black Soul

Didier Awadi da Amadou Barry suka kafa ƙungiyar Positive Black Soul a Dakar a 1989, suna waƙa da Wolof da Faransanci da Ingilishi. Da Solaar ya je wasa Dakar a 1992, su suka buɗe masa dandamali, daga nan ya gayyace su Faransa. Kundinsu "Salaam" ya fito a 1995 a ƙarƙashin kamfanin Mango, reshen Island Records, kuma akwai muryar Solaar a cikinsa. Abin da Guru ya yi masa, shi ma ya yi wa 'yan Dakar: ya ara musu sunansa da dandamalinsa a daidai lokacin da suke buƙatar wanda zai gabatar da su.

5.0 Iyakar Zumunci

Sai dai zumunci bai isa shi kaɗai ba, domin kasuwa da doka suna da nasu tasirin. Dokar da Faransa ta zartar a 1994, wadda ta fara aiki a 1996, ta wajabta wa gidajen rediyo su ware kashi 40 cikin 100 na waƙoƙinsu ga na Faransanci. Wannan ya buɗe ƙofa ga masu gambara da Faransanci, amma baitin Wolof ba ya shiga wannan lissafi kai tsaye. Haka kuma a wancan lokaci yawancin manyan kamfanoni da ɗakunan naɗar sauti suna Paris, saboda haka mawaƙin Dakar shi ne mai neman shiga. Shi kansa Solaar bai tsira ba: rikicin shari'a da kamfanin Polydor ya sa kundayensa na farko suka ɓace daga kasuwa kimanin shekara 20, sai a 2021 aka fara sake fitar da su.

6.0 Kammalawa

Hausawa na cewa zumunta a ƙafa take, kuma tafiyar Solaar tsakanin New York da Paris da Dakar ta gaskata hakan. Darasin ya shafi mawaƙan gambara na Nijar, waɗanda ke cakuɗa Hausa da Zabarmanci da Faransanci kuma suke hangen kasuwar ƙasashe masu amfani da Faransanci. Aboki zai iya gabatar da mawaƙi ga sababbin masu sauraro, amma ɗorewar aikin ta rataya ne kan wanda ya mallaki faifan da abin da yarjejeniya ta ƙunsa.