Yadda masana ke shata wa jijiyoyi hanyar da za su bi

Idan jijiyar da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa hannu ta tsinke, a haɗarin mota ko sakamakon sara, takan sake tofowa da kimanin milimita 1 a rana.

Matsalar ita ce, idan tazarar da ke tsakanin ɓangarorin biyu ta yi yawa, sabon tsiron yakan ɓata hanya. Idan kuwa aka haura shekara guda saƙo bai isa ga tsoka ba, tana iya shanyewa har abada.

Wannan ne ya sa masana kimiyya ke ƙera wasu abubuwa masu zane a jikinsu, domin yi wa ƙwayoyin jijiya jagora.

Daga saƙar gizo-gizo

A shekarar 1907, Ba'amurke Ross Harrison ya raya tsiron jijiyar ɗan kwaɗo a wajen jiki. Daga bisani ya nuna cewa ƙwayoyin halitta na bin zaren saƙar gizo-gizo idan aka shimfiɗa masu shi.

A 1988, masana a cibiyar binciken Bell da ke Amurka sun ari dabarar ƙera ƙananan sassan kwamfuta, suka zana layuka da sinadarai a kan silikon, kuma ƙwayoyin jijiya suka jeru a kan layukan.

A Jami'ar Glasgow kuwa, Adam Curtis da Chris Wilkinson sun tona siraran kwaruruka, tamkar na tsakanin kunyoyin gona, waɗanda ba su kai kaurin gashi ba. Bakin tsiron jijiya yana lalube ne yayin da yake tafiya, don haka ya fi bin tsawon kwarin maimakon tsallake kunya.

Ina aka kwana?

Har yanzu likitoci sun fi dogara da yanko wata jijiya daga ƙafar majinyaci su yi gada da ita, abin da ke barin wani sashen ƙafar ba ya ji.

A 2001 hukumomin Amurka sun amince da bututun NeuraGen, amma irin waɗannan bututu masu rami kawai ba su cika aiki ba idan tazarar ta haura santimita 3.

Fatan masana shi ne zane ko zare a cikin bututun zai tsawaita wannan tazara. Sai dai mafi yawan gwaje-gwajen a ɗakunan bincike da jikin dabbobi ake yinsu, kuma gyaran laka ya fi wuya nesa ba kusa ba.